Tabon Mai a Farin Yadi

"Ki ɗauke kular nan daga ƙofar kicin ɗina, Yaya. Ba zai ci ba."

"Wannan ne kicin? Ina aka taɓa dafa wa namiji kifi a ruwa zalla, kamar za a yi wa kifin wanka?"

Matar Tela ta ci gaba da tsame kifinta, ba ta ɗago ba. Mai maganar yayar mijinta ce, mace mai jiki da murya, wadda ta goya shi tun yana tsumma kuma ba ta bari kowa ya manta. Soyayyen nama ne a kular, kitse sai ƙyalli yake, ƙamshinsa ya riga ya tsallaka katanga ya gaisa da maƙwabta.

Tela ya daɗe yana fama. Rana ɗaya ciwon ya murɗe shi a saman ciki ya ɓulla ta baya, ga amai. A asibiti aka hana shi ci, aka rataya masa ƙarin ruwa. Likita ya ce wata tsoka ce a bayan tumbi, wai fankiriyas, mai fitar da ruwan narkar da abinci, ita ce ta kumbura tana cin kanta. Ya tambaye shi ko yana shan giya. Tambaya kawai bawan Allah ya yi, amma kafin a sallamo Tela matan layin sun san har kalar kwalbar. Ashe tsakuwa ce a matsarmama. An cire tsakuwa, labarin kwalba kuwa ba mai cire shi.

Ciwon ya tafi ya dawo, ya sake dawowa, har ya samu wurin zama. Aka ce ba mai, ba kitse, ba sigari, abinci kaɗan-kaɗan, da ƙwayoyin da zai haɗiya tare da lomar farko. Daga baya ciwon sukari ya biyo sahu. Tela ya rame har yana rage wandunansa da hannunsa. In abin ya motsa sai ya duƙa kan keken ɗinki, don duƙawar ce kaɗai ke sassauta masa, masu wucewa su ce Tela akwai himma.

"Yaya, ki ƙyale ta," ya ce daga shago, wanda ƙofarsa ɗaya ke cikin gida ɗaya a titi. "Likita ne ya hana."

"Rufe min baki, Auta. Likitan ne ya goya ka?"

Ta suri kularta ta fita ta shago. Matar Tela ta ji suna ƙus-ƙus, can ta ji dariyar mijinta, irin wadda ta manta yana da ita. Ba ta leƙa ba. Ta rufe kifin ta ajiye masa.

Washegari da hantsi ta same shi duƙe a kan keke, ƙafarsa a kan feda, keken shiru. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Ya ci wani abu mai maiƙo?" likita ya tambaye ta a asibiti.

"A'a," ta ce, tsakaninta da Allah.

Ya ce wani lokaci haka ciwon yake tashi, ko an kiyaye. A wannan karon ya taɓa ƙoda, ya taɓa numfashi. Tela bai cika mako ba ya rasu.

Tun ba a naɗe tabarmin masu gaisuwa ba magana ta zaga layin: yunwa ce ta kashe Tela, matarsa ta yi ta ba shi ruwan kifi har ya ƙare. Waɗanda suka ƙirƙiro kwalba su ne suka fi kowa tausayinsa.

Ranar da Matar Tela ta shiga shago don mayar wa mutane ɗinkunansu, ta ɗaga wani farin yadi da ya yanka bai haɗa ba. A gefensa akwai tabon mai, shatin yatsunsa ras. Ta duƙa ta tona kwandon ƙyallaye. Kular tana ƙasa, ba komai ciki sai ƙasusuwa da aka tsotse tas. Ta kai ta famfo ta wanke da sabulu, ta goge.

Da la'asar Yaya ta shigo shagon ba sallama.

"Kin huta ai. Yanzu sai ki zuba mai a tukunya son ranki."

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Kar ki yi min sannu. Ki faɗa min, yaushe rabon ɗan'uwana ya ci abu a gidan nan ya lashe yatsa?"

Bakinta ne ke faɗa, amma idonta na wajen kwandon ƙyallaye. A waje mata biyu sun tsaya gyara ɗaurin zane daidai taga.

Matar Tela ta dubi farin yadin, ta dubi tagar. Ta rage murya.

"Ga kularki, Yaya. Na wanke."

Yaya ta tsaya da baki a buɗe. Ta karɓa, ta cusa ta cikin mayafi, ta fita ta buga ƙofa har almakashi ya faɗo daga ƙusa.

Matar Tela ta mayar da shi wurinsa. Ta ninke farin yadin, tabon daga ciki, ta rufe kan keken da shi.