Teburin Rumyana

Rumyana na tsugune a bakin famfo tana dirzar tukunyar ƙarshe da ruwan zafi, sai mijinta Dobrin ya leƙo ya tambaya ko shi ma za a dirje shi ne, tunda da nono aka raine shi. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ya fara da gashin bakinsa.

Daga ƙauyensu har kasuwar garin Smolyan babu wanda bai san kindirmon Rumyana ba, wanda in aka soka cokali sai ya tsaya ƙyam. Amma bara jikarta Neda, 'yar shekara uku, ta lashi cokali ɗaya a gidan nan, leɓɓanta suka kumbura, numfashi ya sarƙe, da ƙyar aka ceto ta a asibiti. Likita ya ce ko ɗigon madara kada ya sake shiga bakinta. Tun daga nan Kalina, matar ɗanta Zlatan, ba ta sake kawo yarinyar daga birnin Plovdiv, inda suke zaune, ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce hankalinta ba zai kwanta a gidan da ko'ina cuku ne da man shanu ba.

Maganar ta ƙona wa Rumyana rai, har ta ɗauki lokaci ba ta amsa waya. Daga baya, ba tare da shawarar kowa ba, ta sayar da awakinta. Ɗan tsamin da take haɗa sabon kindirmo da shi, wanda ta gada wurin mahaifiyarta, ta zuba a kwalba ta kai wa maƙwabciyarta Tsonka.

"To ke me za ki riƙa ci, 'yar'uwa, ciyawa?" in ji Tsonka.

"Ki dai rufe shi da bargo ya ji ɗumi. Naki kullum tsululu ne, yanzu kuma ba ki da hujja."

Duk lokacin sanyi ta yi shi tana koyon girki kamar amarya. Banitsarta, wato gasasshiyar wainar fulawa mai ɓawo wadda a da ake cika ta da cuku, ta koma ta kabewa da kirfa da man sunfulawa. Na farkon sun fito a bushe, kaji ne suka cinye. Dobrin ya yi mita har ya gaji, ya saba.

Yau kuwa, bayan ta gama dirzar tukwanen, da hantsi motar Zlatan ta tsaya a ƙofar gida, ɗauke da Kalina da Neda. Bayan gaisuwa Kalina ta shiga kicin, wai za ta ajiye ruwa a firji. Rumyana ta gane, ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa. Tattasai ne a cikin firjin, da tumatir, da miyar wake. Kalina ta dubi kantoci, ta dubi murhu, sannan cikin sanyin murya ta tambaya ina aka sayo burodin.

"Sayowa? Da hannun nan na kwaɓa. Gari, ruwa, gishiri, yis. Farantin da na gasa shi ma sabo ne."

"Mama, ba wai ina zargin..."

"Duba ki ƙara, 'yata. Ni ma da haka zan yi."

Aka zauna cin abinci. Neda ta miƙa hannu wajen banitsar, sai ta janye, ta dubi uwarta kamar yadda aka koya mata a kowane gida da kowane biki.

"Mama, wanne ne nawa?"

Kalina ta bi teburin da kallo.

"Duka," ta ce.

Yarinyar ta ci da hannu biyu, kabewa har kumatu. Rumyana ba ta taɓa nata farantin ba, idonta na kan ƙananan leɓɓan nan, har aka cinye yanki na biyu ba abin da ya faru.

Zlatan ya matsa kusa da matarsa ya raɗa mata ko ya ɗauko abincin Neda da suka zo da shi a mota. Kalina ta ce ya bar shi can.

Rumyana ta yi kamar ba ta ji ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta ƙara wa surukarta babban yanki, sannan ta ce wa Dobrin ya tashi ya buɗe tagar da ke kallon titi, maƙwabta su ga jikarta na cin abinci a teburinta.