Tagogin Mok Cik Sepiah

Ni dai ban taɓa ganin laifin ruwa ba. Ruwa ya zo, ya yi kwana huɗu a gidanka, ya kama gabansa. Wanda ke ɓata min rai shi ne mutumin da zai wanke taɓo yau, gobe ya shafa fenti a kan jiƙaƙƙen katako, bayan wata biyu ya kira ni yana ƙorafi wai bango ya yi baƙi, yara na ta tari. Shekara goma sha ɗaya ke nan ni da mijina Abe Deraman muna busar da gidajen da ambaliya ta ci a Pasir Mas da ƙauyukan bakin kogi. Shi ke da injuna da ƙarfi, ni ke da mitar awon danshi da baki. Ƙarar fanka ta cinye masa rabin ji, ragowar rabin kuma sai abin da ya ga dama yake ji da shi.

Gidan Mok Cik Sepiah na katako ne, a tsaye kan ƙafafu goma sha biyu, kowace ta fi ni tsayi. Amma bana ruwa ya hau tsani, ya shiga ɗaki, ya kai ƙirjin namiji. A tsakiyar gidan akwai ginshiƙin da aka fara kafawa, na cengal, wani ice mai taurin gaske. Duk ambaliyar da ta taka cikin ɗaki, marigayi mijinta Pok Cik Yusoh kan ɗauki wuƙa ya tsaga alama a jikinsa daidai inda ruwa ya tsaya. Tsaga uku ya bari kafin ya rasu. Na bana ya haye su duka, taɓo ya binne su.

Ɗanta Shahrom ne ya kira mu. Ya taso daga Kuala Lumpur da takalmin da bai san laka ba, kuma ya riga ya yi magana da mai katafila.

Sunana Zainun, amma shi Kak Nun yake ce min, wato Yaya Nun. Ya ce, "Kak Nun, ba rigima nake nema ba. Mok na da asma. Bara kwana uku ta yi a asibiti da roba a hanci. In fumfuna ta kama gidan nan, ita za ta fara kamawa."

Na ce, "Gaskiyarka."

"Sati biyu na ba ki, don ita ta nace. In na dawo mitarki ta nuna ƙasa da goma sha takwas, gida ya tsira. In ba haka ba a rushe, Mok ta bi ni. Na gyara mata ɗaki, hawa na goma sha tara."

Tsohuwar na zaune a kan tsani tana ɓare albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Sha tara. Ni tsuntsuwa ce?"

Na so in ji haushinsa, amma ban samu ta inda zan kama ba. Yaron tsoro yake ji, ba mugunta ba ce. Na dubi katakon, na ƙwanƙwasa, na ce masa sati biyu ya ishe ni har da ragi. Wannan bakin nawa wata rana sai ya sa an kore mu daga gari.

Kwana biyu muka yi muna fitar da kaya. Muka ɗaye ledar ɗaki, muka jefar da katifu, muka wanke bango da dandamali. Ginshiƙin kuwa ni na wanke shi da hannuna, da burushi mai laushi, don na san halin Abe: da ya sa masa injin goge katako, tsagogin sun tafi. Muka fesa maganin fumfuna, muka zagaye ƙarƙashin gidan da tamfol, muka rufe tagogin nan bakwai, muka sa sakata, muka saki labulen leda a kansu. Fanka huɗu, injin zuƙe danshi uku. Mok Cik ta koma kwana gidan maƙwabciyarta Mek Limah.

Ranar farko mita ta nuna ashirin da takwas. Da yamma ashirin da biyar. Na ce madalla. Washegari da muka iso ƙarfe tara, ashirin da bakwai. Haka rana ta uku, haka ta huɗu: abin da muka ci da rana, mu tarar ya dawo da safe. Kaina ya ɗaure. Na ɗora wa injunan Abe laifi, ya kwance ɗaya ya sake ɗaurawa, lafiyarsa lau. Na ɗora wa tamfol, muka ƙara wani. Na ɗora wa Abe kansa, ya nuna kunnensa ya ce bai ji ba.

Rana ta shida Abe ya shiga duba bokitan injuna, ya fito da abu a tafin hannunsa yana murmushi.

"Nun, injinki ya yi ƙwai."

Ƙwan kaza ne, a cikin kwandon da muka bari bayan ƙofa. A ɗakin da muka rufe ruf, inda ko sauro sai ya nemi izini. Na karɓe shi, na tsallaka gidan Mek Limah raina a ɓace. Ko takalmi da ƙyar na tuna na cire.

"Mok Cik, kazar wa ce mai mabuɗi?"

Ta dubi ƙwan ta ce, "Ta Limah ce, jar nan. Kawo, kada ya fashe."

"Ke kike buɗe tagogin?"

"Wa zai buɗe in ba ni ba? Daga na sallame asuba nake buɗewa, in rufe kafin ku zo, don na ga ke ba ki da wuyar hawa."

Na ce, "Mok Cik, kwana shida! Kwana shida kika kwashe min kika zuba a kogi! Ke da kanki kike tura katafilar nan, kin sani?"

Mek Limah ta sulale ta shige kicin. Tsohuwar ta ajiye ƙwan a hankali, ta kalle ni, sai na ji kamar ni ce aka kama.

Ta ce, "Zainun, shekara hamsin da biyu ina buɗe tagogin nan kafin rana ta fito. Ranar da na haifi Shahrom na buɗe. Ranar da aka fita da Pok Cik ɗinku na buɗe. A garin nan gidan da ya wuni a rufe, ko masu shi sun mutu, ko sun gudu, ko ba sa son baƙi. Rana ta farko da kuka rufe shi, masu dawowa daga masallaci suka tsaya a bakin tsani, na ji wani yana cewa, 'Allah sarki, gidan Yusoh ya tashi.' Ina raye ake faɗa. Kuma tun kakanninmu da iska da rana ake busar da gida, ba a taɓa toshe masa hanci ba."

Fushina ya sauka, kunya ta hau. Shekara goma sha ɗaya ina rufe gidajen mutane, ban taɓa tambayar yadda abin yake a idon mai wucewa ba. Amma gaskiyar aikina ma tana nan, ba zan janye ta ba. Na zauna a kan tabarma ina neman ta inda zan ɓullo mata, sai idona ya faɗa kan gwangwanin da ke gefen butar shayi, irin wanda ake ajiye keropok, soyayyen abin taunawa na kifi mai ƙaras-ƙaras.

"Mok Cik, me ke cikin gwangwanin can?"

"Keropok. Za ki ci?"

"Me ya sa ba ki zuba shi a faranti ya sha iska ba?"

"A damina? Ke kuwa an aurar da ke ba a koya miki komai ba? Kafin la'asar ya yi laushi kamar tsumma."

"To me ya jiƙa shi, alhali ba a zuba masa ruwa ba?"

Ta daɗe tana kallon gwangwanin.

Na ce, "Iskar bakin kogin nan da ruwanta take yawo. Da rani ki buɗe, ni ma zan taya ki. Amma yanzu gidanki keropok ne, ni kuma murfin gwangwani nake roƙo. Kwana shida kawai."

"Mutane fa?"

Nan ne Abe, wanda ya biyo ni yana tsaye a ƙofa, ya nuna cewa kunnensa ras yake in ya so. Ya ce baranda ai ba a cikin rufin take ba, kuma ta riga ta sha iska. A shimfiɗa mata tabarma a can, a kawo buta da kofuna. Gidan da ake shan shayi a ƙofarsa wa zai ce ya tashi?

Tun daga ranar Mok Cik ta zama mai gadi, kuma ban taɓa ganin mai gadi mai tsanani irinta ba. Tana sallame asuba ta hau baranda da shayinta mai madara, kowa ya zo wucewa ta kira shi. Matar liman ta nemi leƙawa ta ga yadda ciki ya koma, ta ce mata, "Ki leƙa da kunne." Ni kaina in na shiga awo sai ta riƙa kirana in yi sauri, wai ina shigar mata da kogi. Kowace safiya Abe ya fito da bokitan ruwan da injuna suka zuƙe, ita ta sa a jera su a gaban baƙi. "Kun gani? Daga jikin katako ya fito. Ku naku yana can a bango kuna kwana da shi." Kafin sati ya ƙare mutum huɗu sun karɓi lambar Abe.

Mita ta fara sauka, ta kuma daina komawa. Ashirin da huɗu, ashirin da biyu, ashirin. Muka ƙara fanka, muka juya biyu suka fuskanci ginshiƙin. Ban ƙara wa injunan zafi ba ko da Abe ya kawo shawarar, don tsohon katako in ka matsa masa tsagewa yake yi.

Ranar da sati biyu ya cika Shahrom ya iso da hantsi. Muka shiga mu huɗu. Warin laka ya tafi, sai ƙamshin ice. Na bi bango ina soka mita yana biye da ni yana karantawa. Sha shida. Sha bakwai. Dandamali sha shida. Saura ginshiƙi.

Na san ginshiƙin nan kamar tafin hannuna. A daidai kafaɗata sha shida yake nunawa, kuma Shahrom bai san bambanci ba. Mok Cik na kallona, Abe na kallon rufi. Na durƙusa, na soka mitar a gindinsa, inda ya haɗu da dandamali, wurin da ruwa ya fi daɗewa.

"Goma sha tara," in ji Shahrom.

Na ce, "Haka ne. Ban cika alkawari ba. Da na auna sama da ka ga sha shida, amma nan ne gaskiyarsa. Kwana uku yake nema. Icen lafiyarsa ƙalau, ko ruɓewar ƙwayar shinkafa babu. Sai dai sharaɗi naka ne."

Mok Cik ta ce, "Ni na buɗe mata tagogi kwana shida. In da wanda za a rushe, ni ce."

Shahrom ya matso kusa. Idonsa na kan ginshiƙin, kan tsagogin nan uku da suka fito fes. Ya sa yatsa a ta tsakiya ya ce wannan yana tunawa, yana kan wuyan babansa aka yi ta, shi ya riƙe masa fitila. Ya bi da hannu zuwa sama, har inda ruwan bana ya bar ɗan duhu a jikin icen.

"Ba a yi ta bana ba."

Uwarsa ta ce, "Wa zai yi? Aikin mai gida ne."

Ya juya wajen mijina. "Abe, akwai wuƙa a jikinka?"

Abe ya ji wannan sarai. Shahrom ya tuɓe agogonsa, ya dafa ginshiƙin, ya shiga tsagawa. Cengal ba ya ba da kai da sauƙi, sai da ya yi gumi, tsagar kuma ta fito a karkace. Mok Cik ta ce ta ubansa ta fi kyau. Ni kuwa na juya ina naɗe wayar da ba ta buƙatar naɗi.

Bayan kwana uku gindin ginshiƙin ya nuna sha bakwai. Na ɗauki hoto na tura wa Shahrom, muka sauke ledoji, muka loda injuna. An samu rana a ranar, ta farko cikin sati uku. Mok Cik ta bi tagogin ɗaya bayan ɗaya tana turawa, ta bar ta bakwai, mai kallon hanyar masallaci.

Ta ce, "Zainun, zo. Ke kika rufe, ke za ki buɗe wannan."

Na zare sakatar na tura. Wani dattijo da ke wucewa a kan keke ya ɗaga kai, ya rage gudu, ya ɗaga murya ya ce, "A'a, gidan Yusoh! An tashi lafiya?"