Kan Ɗan Fari

Rahamatu ta kutsa zauren mai garin Ɗanzomo ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba, ta ce ƙarar surukinta Dalhatu ta kawo. Sunansa ta kama gatsal a gaban maza, abin da suruka ba ta yi.

Maganar kowa ya san ta. 'Yarta Balkisu a gidanta ta haifi ɗan fari, Ilu. Rahamatu ce ta yanke cibi, ita ke masa wanka tana gasa kai da ruwan ɗumi, yadda ta yi wa rabin 'ya'yan garin. Sai kan yaro ya ƙi zagaye. Ya yi tsawo gaba da baya, ga tudu a tsakiya, maɗiga kuma ta rufe tun bai fara zama ba. Dangin uba suka ce tsohuwa ce ta matse shi. Tun daga nan ko haihuwar akuya ba a ƙara kiranta ba.

Da abin ya ƙi, ita da Balkisu da Dalhatu suka ɗauki yaron suka hau jirgin ƙasa a Gagarawa zuwa Kano. Likita Bature ya shafa kan, tafinta mai fassara ya faɗa musu, su uku suna tsaye: ƙashin tun a ciki ya haɗe, ba hannun kowa ba ne. Aka tsaga kan, aka cire ƙashi, aka ɗinke. Yaro ya rayu. Shi kuwa Dalhatu, da saukarsa gari, ya ce Bature ya gyara ɓarnar tsohuwa.

Ba diyya Rahamatu take so ba. So take ya tsaya a nan ya maimaita abin da tafinta ya ce, shi ke nan.

Dalhatu ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, ya ce shi ba ya jayayya da Inna, amma asibiti akwai hayaniya, bai ji haka ba.

"Ba ka ji ba? Kai da ka ce masa madalla har sau biyu?"

Ta ce a kira Balkisu. Aka kawo ta, ta durƙusa a bakin ƙofa. Mai gari ya tambaye ta abin da aka faɗa a kan ɗanta. Balkisu ta dubi uwarta, ta dubi ƙafar mijinta, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Dattawa suka yi murmushi. Ɗan fari ne, in ji su, wace uwa ce za ta yi zancensa a bainar jama'a? Suka yaba kunyarta. Wani ma ya ce ashe dai Rahamatu ta iya tarbiyya, hannun ne kawai ya tsufa. Aka yi dariya, aka shafa fatiha.

Da la'asar sakaliya Balkisu ta shigo gidan uwarta ta ƙofar baya, Ilu a goye. Murya ƙasa-ƙasa ta ce a gidan mijinta kowa tsoron ɗinkin yake, ba mai iya yi masa wanka.

Rahamatu ta miƙe. Ta ɗora ruwa, ta sirka, ta gwada da gwiwar hannu. Ta wanke yaron tas, daga wuya har yatsun ƙafa, ya kama ɗan yatsanta yana dariya. Ta shafe shi da man shanu, ta miƙa wa uwar.

"Inna, kan fa?"

"Kai wa wanda ya ji abin da Bature ya ce."