Hannun Dama

Malam Tahiru bai taɓa faɗuwa daga keke ba, kuma duk Cadawa ba wanda bai ji wannan daga bakinsa ba. Matarsa Asama'u ta ji har ta haddace. A kan kariyar keken nan ya kai ta ganin gida suna amare, tana ta salati, shi kuwa yana buga ƙararrawa ko akuya ba ta tare hanya ba.

Tsufa ne ya zo masa ta inda ba a zata ba. Ƙafafunsa lafiya lau, kai ne ya fara komawa baya. Yana yaro a Jibiya ya koyi keke, lokacin da Nijeriya ke bin hannun hagu. Yanzu da ya hau kwalta zuwa gona sai hannunsa ya tuna wancan zamani, ya karkata hagu, yana fuskantar manyan motocin Maraɗi ido da ido.

Asama'u ta ɗaura masa jan ƙyalle a hannun keken na dama. Ya dawo yana tambayar wa ya ɓata masa keke.

Ranar da wani mai keken caji, irin marar ƙarar nan, ya kauce masa ya faɗa cikin gero, ɗansu Faruku ya zo da sarƙa da kwaɗo.

"Inna, in ba a ɗaure shi ba, gawa za a kawo muna."

Ta san gaskiya ya faɗa. Aka ɗaure keken a gindin itacen bedi. Malam bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Sai ya zauna kusa da shi, yana share ƙura da gefen rigarsa. Tuwo ya bari, hira ya bari. Abin ya ci Asama'u ƙwarai, don mutumin nan har jandarma yakan tsayar ya koya masa ƙa'idar hanya.

Da safe ta karɓi makulli hannun Faruku.

"Inna, mi za ki yi?"

"Gona za mu."

Ta kunce sarƙar, Malam ya hau, ita kuma ta tattare zane, ta hau kariya da ƙyar, gwiwoyi na ƙara. Maƙwabta suka leƙo suna dariya, tsohuwa a bayan keke! Ko kallonsu ba ta yi ba.

Suna hawa kwalta ta ji ya fara karkata. Ta dafa kafaɗarsa ta dama, ta matsa.

"Nan, Malam."

Ya koma dama, ya bi gefe a hankali. Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta kaɗa su. Ya buga ƙararrawa, ya ɗan waiwayo. Tun haihuwar Faruku "Inna" yake ce mata kamar yara.

"Riƙe da kyau, Asama'u," ya ce. "Kar gyalenki shi shiga wayar taya, gidanku da nisa."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba, don hannun yana kan kafaɗarsa.