Ƙwaryar Salamatu da Baba Adoum

Tun da aka ce Madam Germaine mai jarraba ɗalibai ta iso Garwa daga Yawunde, Salamatu ta duƙufa bitar darussanta. Salamatu ma'aikaciyar jinya ce, ta daɗe tana karatun warkar da masu ciwon damuwa da firgici ta hanyar kiɗa, kuma yau za a gwada ta gaban majinyaci kafin a ba ta shaidar ƙwarewa. Kalmomin ilimin halayyar ɗan'adam ne suka fi tsaya mata a wuya. Dukkansu da Faransanci ta haddace su, majinyatanta kuwa Fulatanci da Hausa suke ji.

Wanda aka kawo mata Baba Adoum ne, dillalin shanu da masu garkuwa suka taɓa ɗaukewa a hanyar Rey Bouba. Ya dawo da ransa, amma barci ya ƙaurace masa, magana ma sai da ƙyar.

"Baba, ina kwana? Yau muna da baƙuwa, kallo kawai za ta yi."

Ya gyaɗa kai. Madam Germaine ta zauna a kusurwa, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Salamatu ta kifa ƙwarya a kan matashi, ta fara bugawa a hankali da tafin hannu. Da ta ga kafaɗun tsohon sun sauka, sai ta ji daɗi, ta ƙara sauri, zobenta ya daki ƙwaryar, ƙas, ƙas.

Nan take Baba Adoum ya sandare. Idonsa ya kafe a ƙofa, jikinsa ya ɗauki rawa, ya ɗaga hannuwa biyu sama.

Salamatu ta dube shi. Ta ci gaba ne, ko ta tsaya? Duk abin da ta karanta ya gudu ya bar ta. Ta ture ƙwaryar, ta durƙusa inda zai gan ta.

"Baba, ni ce Salamatu. A asibiti kake, a Garwa. Taka ƙasa da kyau. Me kake gani a tagar nan?"

Ta soma rera wata waƙar reno ƙasa-ƙasa, tana bin numfashinsa, tana jan ta a hankali har numfashin ya biyo ta.

"Bishiyar darbejiya," ya ce da dusasshiyar murya. Can ya ƙara da cewa, "Haka suke ɗana bindigar, 'yata."

Bayan an raka shi, Madam Germaine ta tambayi Salamatu sunan abin da ya faru.

"Reviviscence, Madam. Firgicin ya dawo masa kamar yanzu abin ke faruwa."

"Kin tambaye shi ƙarar da ke tayar masa da hankali kafin ki fara?"

"A'a, Madam."

"To, nan kika faɗi. Dawo da shi da kika yi ya yi kyau, amma ke kika kai shi can. Za ki sake gwajin bayan damina."

Salamatu ta fito. A baranda ta tarar da Baba Adoum yana jiran ɗansa ya kawo babur. Ta rasa da wane ido za ta kalle shi.

"Baba, ka yafe ni."

"Ban taɓa gaya wa kowa zancen bindigar nan ba, ko iyalina," ya ce. "Ran Laraba in zo?"

Ta ce ya zo, ta tsaya har babur ɗin ya fita ƙofar asibiti.