Shirun Malam Alli

"Ina shirun nawa?" in ji Malam Alli.

Malama ta ɗago kai daga kwamfutar hannun da ke kan cinyarta. Yana jingine da filo biyu, muryar nan tasa da a da ake jiyo ta tun daga ƙofar makaranta, yanzu sai an matso kusa.

Katanga ce kawai tsakanin gidajensu, kuma makaranta ɗaya suke koyarwa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da lissafi a aji uku, har farin allin da ba ya rabuwa da hannun rigarsa ya cinye sunansa. Da aka kawo kwamfutoci ajin, shi ya fi kowa tsiya, wai allon da ba ya ƙura ai ba allo ba ne. Amma da ciwon maƙogwaro ya kwantar da shi, shi ya aiki matarsa ta kira Malama. Ya ji an ce manhajar kwamfutocin tana karɓar muryar malami. So yake ya sa tasa a darussa goma kafin muryar ta tafi, kada yaransa su faɗa hannun muryar da ba ta san su ba.

Kullum in an tashi makaranta sai ta shigo su ɗauki muryarsa a darasi ɗaya, har suka yi tara. Ita kuwa ta lura duk sanda ya yi tambaya sai ya yi tsit, har ka ɗauka na'urar ce ta tsaya. Da rawar kai irin ta mai sabon ilimi ta zauna ta yanke wuraren tas, ta goge na asalin, ta kawo masa tana jiran yabo.

Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ya ce tun da ya fara aiki, in ya yi tambaya sai ya ƙirga ashirin a zuci kafin ya karɓi amsa.

"Masu kaifin kai ba sa bukatata, 'yata. Akwai wata a layin baya da ke ƙirga yatsu a ƙarƙashin tebur. Kowace shekara akwai ta. Shirun nan nata ne."

Garin neman gira Malama ta rasa ido. Ta ce za ta saka wani shirun da na'ura, ba wuya. Ya girgiza kai, ya ce yaro ya san bambancin a jira shi da a bar shi. Sake ɗaukar darussa taran kuwa ba zancensa, don yanzu muryar ba ta fi ta minti biyar a yini ba.

Saura na goma, darasin rabawa. Kwana huɗu suka yi a kansa, yana kurɓar ruwan ɗumi tsakanin jimla da jimla, matarsa na riƙe da kofin. Wannan karon Malama ba ta taɓa komai ba, ko tarin ma ta bar shi. Da suka gama ya ce, cikin raha, to yanzu alli ya ƙare. Ta yi dariya, ta fito tsakar gida ta yi kukanta.

Ranar Asabar da hantsi, tana shanya, ta ji kukan matarsa ta kan katanga.

Sai da aka yi mako biyu ta iya kunna darasin a aji. Yara suka nutsu, kowa da kwamfutarsa, allon na nuna lemo goma sha biyu da kwanduna uku.

"Lemo nawa zai shiga kowane kwando?" in ji muryar.

Nan da nan na gaba suka ja lemon da yatsa, suka gama, suka fara waige-waige. Lasifikar ba ta ce komai ba. Numfashinsa kawai ake ji, da ƙarar kofi da aka ajiye a hankali.

Malama ta tsaya jikin taga tana ƙirgawa a zuci. Ta kai sha bakwai ke nan, wata 'yar ƙarama a layin baya ta fito da hannunta daga ƙarƙashin tebur, yatsu huɗu a miƙe.