Lamba Huɗu a Juye

Tsinin wuƙar ya taɓa haƙarƙarinta kafin ta ji muryar.

"Madam, ci gaba da abin da kike yi. Kar ki waiwaya."

Lubabatu ta ƙame, katinta na cikin na'urar cire kuɗi. Ɗakin gilashin bai fi makewayi faɗi ba, mutumin kuma ya cike ƙofar. Juma'a ce, ana tsakiyar huɗuba. Mai gadin banki ya ɗauki dardumarsa ya tafi, 'yan kabu-kabu sun watse daga bakin kwalta. Da gangan ta zaɓi lokacin don gudun layi, ta taso daga lakwal, makarantar da take koyarwa, da farin alli a yatsunta.

"Jikka hamsin ta ishe ni. Ba ni in wuce."

Nan yayanta Abdulwahid ya faɗo mata a rai. Yana sayar da kayan waya a kasuwar Dogon Dutsi, kuma saƙo ba ya kwana a hannunsa. Watan jiya ya turo wa zauren dangi na waya wani saƙon murya: in ɓarawo ya tsare ka a na'ura, buga lambar sirrinka daga ƙarshe zuwa farko, ita da kanta za ta kira 'yan sanda. Da ya ji tata 1991 ce, shekarar haihuwarta, sai ya riƙe kai.

"Wagga ko an juya ta, ita ce dai. Canza ta yau."

Da kansa ya kawo ta nan a babur, ta mai da ita 4726.

Yanzu ta buga 6274. Na'urar ta yi shiru, sannan ta rubuta cewa lambar ba daidai ba ce. Wataƙila haka take ɓoye kiran, in ji zuciyarta. Ta sake bugawa. Amsar ba ta canza ba.

"Malama guda, lamba huɗu ta gagare ki?" Numfashinsa na kan wuyanta. "Ki yi hankali da ni."

Sau ɗaya ya rage mata, ta sani. Ta san lambar gaskiya kamar sunanta. Da ta buga ta, da ya karɓa ya tafi. Amma mai magana a saƙon ya rantse da Allah, kuma Yaya bai taɓa cutar ta ba. Ta kasa kunne ko za ta ji jiniya. Liman kawai ta ji yana addu'a.

Ta buga 6274. Na'urar ta haɗiye katin.

Da wuƙar ta taso, hannun dama ta kai ta tare.

* * *

A asibiti likita ya ce jijiyoyin yatsu uku sun yanke, sai an kai ta Yamai. Ta tambaye shi ko za ta sake riƙe alli. Ya ce a bari a gani.

Ɗan sandan da ya zo ɗaukar bayani, Idris, ya saurare ta har ƙarshe, ya rufe littafinsa.

"Madam, babu abin da ya haɗa na'urar can da komisariyarmu ta 'yan sanda. Ko ɗaya. Wa ya gaya miki?"

Ta dubi Abdulwahid. Yana tsaye da ledar lemu, idonsa a ƙasa.

"Tamu ta nan ce tsohuwa," ya ce a hankali. "Ta Yamai tana yi. An gwada."

"Wa ya gwada, Yaya?"

Ya ajiye lemun ya fita sayen magani. Mai tura saƙo ba shi ake yi wa ɗinki ba.

* * *

Da la'asar wayarta ta motsa a gefen matashi. Gwaggo Mubaraka ce daga Matankari ta sake turo muryar nan a zauren dangi, ta ƙara da tata: "Kun ji abin da ya samu ɗiyata. Kowa ya haddace lambarshi a juye tun yanzu."

Lubabatu ta ɗora wayar a gwiwa, ta fara lalubar haruffa da babban yatsan hagu. Tana so ta rubuta ƙarya ne. Kafin ta gama kalmar farko, mutum tara sun ce wa Gwaggo Allah ya saka da alheri.